Birni Ya Miƙe, Mutanensa Fa?

Kwanakin baya na karanta wani sharhi a kan biranen kudanci da kudu maso yammacin Amurka, waɗanda mutanen can ke yi wa laƙabi da yankin rana: Phoenix a jihar Arizona, Las Vegas a Nevada, sai Miami da Tampa da Cape Coral a Florida. Marubucin ya iya riƙe alƙalami, ya kuma san inda ke yi wa mai neman wurin ajiye kuɗi ƙaiƙayi. Shi ya sa ban ga ya dace a bar maganarsa ta wuce haka nan ba, domin duk wanda ya ɗauke ta ya yi aiki da ita, gumin iyalinsa zai zuba.

Bari in kawo hujjarsa yadda ya shimfiɗa ta. Ya ce rushewar kasuwar gidaje ta 2008, da karayar tattalin arzikin da ta biyo baya, zazzaɓi ne na ɗan lokaci. Masu hasashen da suka ce waɗannan birane za su koma kufai sun ji kunya, tunda yau jama'arsu ta ƙaru, farashin gida kuma ya zarce na 2006. Ya ce waɗanda suka yi asara masu haɗama ne da suka ci bashin da ya fi ƙarfinsu, don su sayi gida uku ko huɗu su sake sayarwa. Ya ce birnin da ke da rana da fili mai araha da haraji mai sauƙi, ga baƙi suna ta kwararowa, ba ya faɗuwa ya daɗe a ƙasa. Daga nan ya ɗaure zancensa da shawara: duk inda ka ga birni mai zafi yana bunƙasa, Phoenix ce ko Dubai, ka sayi gida ko da bashi ne, ka yi haƙuri, lokaci zai biya ka.

A wuri ɗaya gaskiya tana gefensa. Biranen ba su mutu ba. Ƙidayar jama'a ta 2020 ta tabbatar da cewa Phoenix ta wuce Philadelphia, ta zama ta biyar a yawan mutane a duk Amurka. Las Vegas ta ci gaba da faɗaɗa cikin hamada. Na ba shi wannan ba gardama.

To amma, Malam, da ka ce farashi ya dawo, a hannun wa ya dawo?

Mu tsaya a Las Vegas, inda abin ya fi muni. Alƙaluman ƙungiyar dillalan gidaje ta birnin sun nuna cewa a watan Yunin 2006 matsakaicin farashin gida dala 315,000 ne. Zuwa Janairun 2012 ya sauko dala 118,000. Bai sake kaiwa inda ya baro ba sai Fabrairun 2020, kusan shekara goma sha huɗu ke nan, kuma wannan lissafi bai ma kula da cewa dalar 2020 ba ta sayen abin da dalar 2006 ke saye ba. Yaron da aka haifa a watan da uban ya karɓi mukullin gida ya kusa gama ƙaramar sakandare kafin gidan ya koma kuɗin da aka saye shi. Wannan ne zazzaɓin ɗan lokaci? A Phoenix farashi ya faɗi da fiye da rabi, a Miami wajen rabi. Kalmar haƙuri tana da sauƙin faɗa ga wanda ke kallon zanen farashi a takarda, ya ga ya sauka ya sake hawa. Mai gida kuwa kowane ƙarshen wata banki na jiran biya, ko zanen yana sama ko yana ƙasa.

Mu ɗauki kafinta a wata sabuwar unguwa ta gefen Las Vegas a 2006, irin dubban da suka yi wannan rayuwa. Aiki ya yi masa yawa har yana zaɓe. Dillalin bashi ya kawo masa takardu: ba sai ya ba da kafin alƙalami mai nauyi ba, shekara biyu na farko kuɗin ruwa kaɗan ne, daga baya zai tashi, amma kar ya damu, kafin lokacin gidan ya ƙara daraja sai a sabunta masa bashin. Ya sa hannu. Shekara biyu ta cika a daidai lokacin da gini ya tsaya cak. Biyan wata ya tashi, albashi ya yanke, gidan kuma ya koma bai kai bashin da ke kansa ba. In ya sayar, kuɗin ba za su sallami banki ba. In ya ji labarin aiki a wata jiha, gidan ya riƙe masa ƙafa. Wata rana ya dawo ya tarar an liƙa takarda a ƙofa, bayan 'yan watanni aka yi gwanjon gidan, aka cire yara daga makarantarsu aka koma ɗakin haya. Ƙwace gida yana zama tabo a rajistar bashin mutum a Amurka har shekara bakwai. Saboda haka a 2012, lokacin da gidaje suka yi arahar da ba a gani ba cikin shekaru masu yawa, wannan kafinta ba shi da bankin da zai saurare shi.

Ba mutum ɗaya ba ne. Akwai lokacin da wajen kashi biyu cikin uku na gidajen da ke ɗauke da bashi a Nevada, bashin ya fi darajarsu. A Arizona wajen rabi. Nevada ta yi shekara biyar a jere tana kan gaba a duk Amurka wajen yawan ƙwace gidaje, rashin aikin yi kuma ya haura kashi 13 cikin 100 a 2010, babu jihar da ta kai ta.

Su wa suka sayi gidajen da aka yi gwanjonsu? Masu kuɗi a hannu. A 2012 kamfanin zuba jari na Blackstone ya kafa Invitation Homes, ya fara saye daga Phoenix, cikin 'yan shekaru ya kashe wajen dala biliyan 10 ya tara gidaje kusan 50,000 a biranen da suka fi jin jiki, ya mayar da su na haya. Wasu kamfanoni suka bi sahu. Lokacin da farashi ya sake hawa, ribar tasu ce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Iyalai da yawa da suka rasa gidajensu sun koma 'yan haya a irin unguwannin da a da suke masu gida a ciki. Marubucin ya dubi jimillar birni ya ce an warke, alhali wanda ya faɗi daban, wanda ya tashi daban.

Sai zancen haɗama, wanda shi ne ya fi sosa mini rai. Tabbas an yi masu sayen gida don su juya shi cikin wata shida, har da masu biyan kuɗin gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba a Miami. Ban zo kare su ba. Amma bashi mutum biyu ke ƙulla shi. Wa ya ƙirƙiro lamunin da ba a tambayar takardar albashi? Wa ya biya dillali lada mai tsoka in ya tura mutum ga bashi mai tsada? Bankin da ya ba da bashin bai damu da ko za a biya ba, domin yana sayar da shi gaba, a haɗa shi da dubban irinsa a ƙunshe, a sayar wa masu zuba jari har Turai da Asiya. Kowa ya karɓi rabonsa tun ranar sa hannu, in ban da wanda sunansa ke kan gidan. Wanne ya fi sanin haɗarin: ma'aikaciyar otal da ke gyaran gado, ko wanda ya rubuta takardar?

Wannan ba zargi ne na baka ba. A Disambar 2011 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta cimma sasanci na dala miliyan 335 kan kamfanin lamuni na Countrywide, bisa zargin ya caji baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka fiye da 200,000 kuɗi sama da na fararen fata masu matsayi irin nasu, ya kuma tura wasunsu ga bashi mai tsada alhali sun cancanci mai sauƙi. A Yulin 2012 bankin Wells Fargo ya amince ya biya aƙalla dala miliyan 175 kan irin wannan zargi. Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa tsakanin 2005 da 2009 matsakaiciyar dukiyar iyalan 'yan Latin Amurka ta ragu da kashi 66 cikin 100, ta baƙaƙen fata da kashi 53, ta fararen fata da kashi 16. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne 'yan Latin Amurka sun fi yawa a Kalifoniya da Florida da Nevada da Arizona, inda bala'in ya sauka. Malam, haɗama ce ta zaɓi launin fata haka, ko kuwa wani abu ne ka tsallake?

Ko wajen ƙwace gidajen ba a bi ƙa'ida ba. A 2010 aka bankaɗo cewa ma'aikatan manyan bankuna suna sa hannu a takardun rantsuwa na ƙwace gida ɗaruruwa a rana, ba tare da sun karanta ba. Wannan ne ya kai ga sasancin dala biliyan 25 da manyan bankuna biyar a Fabrairun 2012. Bankunan nan kuwa tun Oktoban 2008, makonni kaɗan bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers, majalisar dokokin Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto harkarsu. Su ba a ce musu su yi haƙuri ba.

Akwai kuma waɗanda ba su ci bashin kowa ba. Tsohuwar da ta sayar da gidanta a jiha mai sanyi ta zo Florida ta saya da kuɗinta lakadan, ta wayi gari gidajen dama da hagu ba kowa, ciyawa ta kai gwiwa, ɓarayi sun tsinke wayoyin tagulla sun kwance iyakwandishan. A Phoenix da Las Vegas tafkunan wanka na bayan gidajen da aka bari suka koma kore shar, suka zama matattarar sauro, har ma'aikatan lafiya suka riƙa zuba musu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro don tsoron cutar da ake kira zazzaɓin Yammacin Nilu. Ga ɗan haya da ke biya kan lokaci, aka fitar da shi don mai gidan ya daina biyan banki. Wace haɗama waɗannan suka yi?

Yanzu mu zo ga ginshiƙin hujjarsa, cewa kwararowar mutane garkuwa ce. A ganina nan ne ya fi yin nisa da gaskiya, domin abin da ya kira garkuwa shi ne ƙofar da cutar ta shigo. Gundumar Clark, inda Las Vegas take, tana da mutum wajen 740,000 a 1990, ta kusa miliyan biyu a 2010. Garin Maricopa da ke kudu da Phoenix bai wuce mutum dubu ɗaya da 'yan kai ba a 2000, ya haura 43,000 a 2010. Me waɗannan mutane suka zo yi? Da yawansu sun zo gina wa waɗanda za su zo bayansu gidaje ne. Magini, kafinta, mai aikin famfo, mai fenti, dillali, ma'aikacin bankin lamuni, mai sayar da kujeru da labule, dukansu daga akushi ɗaya suke ci. Kamar adashe ne da ba ya tsayawa da ƙafarsa sai in sabbin masu zubi suna ta shigowa: ranar da suka daina, waɗanda ba su kwasa ba su ne a ruwa. Baƙi kuwa sun daina zuwa a lokacin da aka fi bukatarsu, domin mai son tasowa daga Ohio ko Michigan sai ya sayar da gidansa na can, gidan kuma ya ƙi sayuwa. Arizona da Nevada kowace ta rasa fiye da rabin ayyukan gininta. A titin gidajen caca na Las Vegas, katafaren otal ɗin Fontainebleau da aka dakatar da gininsa a 2009 ya tsaya kango, bai buɗe ba sai Disambar 2023.

Gwamnatocin ma daga wannan akushi suke ci. Harajin gida, harajin saye da sayarwa, kuɗin izinin gini, duka suka ragu tare, a daidai lokacin da masu neman taimako suka ƙaru. A 2010 jihar Arizona ta sayar da wasu gine-ginenta, har da zaurukan majalisar dokokinta, a kan dala miliyan 735, ta koma tana biyan haya a cikinsu don ta cike giɓin kasafi. A shekarar nan Phoenix ta sa harajin kashi 2 cikin 100 a kan kayan abinci. Jihar da ta jinginar da majalisarta, birnin da ya kai hannu ga cefanen talaka, su ne aka ce garkuwarsu ta yi aiki?

Da rana da fili da baƙi ne ke yanke hukunci, da Dallas da Houston na jihar Texas sun sha irin abin da Phoenix ta sha. Zafi gare su, fili gare su, mutane na kwarara musu. Amma faɗuwar farashi a Dallas ba ta ko kusanci ta Phoenix ba. Daga cikin dalilan akwai cewa farashin bai yi tashin gwauron zabo ba tun farko, kuma tattalin arzikin Texas yana da mai da iskar gas da wasu sana'o'i da ba su rataya ga gini ba. Akwai kuma doka: a Texas ba a yarda mai gida ya ciwo bashi a kan gidansa har jimillar bashin ta wuce kashi 80 cikin 100 na darajarsa ba. A Arizona da Nevada da Florida kuwa mutane sun riƙa sabunta bashi suna cire kuɗi duk lokacin da farashi ya ɗaga, bankuna suna ƙarfafa musu gwiwa. Ashe abin da ya raba biranen shi ne yawan bashin da aka ɗora wa gidaje, da irin aikin da mutane ke ci da shi. Marubucin bai ambaci ko ɗaya ba.

Tunda ya sako Dubai, kuma ita ce mutanenmu suka fi sani, 'yan kasuwa da masu sayen gida, bari mu leƙa ta. Daga ƙarshen 2008 zuwa shekaru biyu uku da suka biyo, farashin gidaje a can ya faɗi da wajen rabi. Kasuwar ta cika da cinikin gidan da ke kan takarda kawai: ka ba da kaso, ka riƙa biya kashi-kashi, wani ma ya sayar da takardar kafin a aza bulo ɗaya. Da kuɗi suka ƙafe, ayyuka da dama suka tsaya, har da tsibirin Palm Jebel Ali da sai a 2023 aka sake tayar da zancensa. A Nuwamban 2009 kamfanin gwamnati na Dubai World ya nemi a ɗaga masa ƙafa kan biyan bashi, sai da Abu Dabi ta kawo dala biliyan 10 a Disamba. A Janairun 2010 dogon benen da aka sani da Burj Dubai ya buɗe da sunan Burj Khalifa, sunan sarkin Abu Dabi na lokacin. Dubai tana da babbar 'yar'uwa mai arzikin mai da ta tsamo ta. Baƙon da ya saya fa? Takardar zamansa a ɗaure take da aikinsa, kuma a wancan lokaci cekin da ya dawo babu kuɗi yana iya kai mutum gidan yari, shi ya sa aka riƙa tsintar motoci a filin jirgi, masu su sun gudu sun bar su. Farashi ya farfaɗo zuwa 2014, sannan ya sake zamewa a hankali har 2020. Wanda zai ba Bahaushe shawara ya kai jarinsa can, wajibi ne ya gaya masa wannan kafin ya nuna masa hoton bene.

Na san kasuwarmu ta gida ba irin ta Amurka ba ce. A Abuja ko Kano mutum yakan sayi fuloti da kuɗinsa, ya yi gini sannu a hankali, bashin banki na gida bai yaɗu ba. Saboda haka ba na cewa abin da ya faru a Las Vegas zai maimaita kansa a nan yadda yake. Abin da nake tsoro shi ne shawarar marubucin tana kiran mutane ne su bar wannan taka-tsantsan, su shiga bashi ko biyan kashi-kashi a birnin da ba su san dokarsa ba, bisa alƙawarin cewa farashi ba ya yin ƙasa ya zauna.

Matsayina shi ne, karayar 2008 ta yi wa waɗannan birane illa fiye da sauran, saboda sun mayar da bunƙasa ita kanta sana'a, suka ɗora ta a kan bashi. Asarar ta faɗa kan ma'aikata da ƙananan masu gida, ribar farfaɗowa ta tafi ga masu jarin da suka iya jira. Duk lissafin da ya haɗa waɗannan biyu ya ce an tashi canjaras, lissafi ne da ya share mutane daga cikinsa.

Ranar da marubucin ke taƙama da ita ma yanzu tana da kuɗinta. A 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi bai sauko ƙasa da digiri 43 ba a tsakar rana, gundumar Maricopa, inda Phoenix take, kuma ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a shekarar. Tafkin Mead, wanda Las Vegas ke sha daga gare shi, ya sauka a 2022 zuwa matakin da ba a gani ba tun da aka cika shi. A Yunin 2023 gwamnatin Arizona ta sanar da cewa ba za ta ƙara ba sabbin unguwannin kewayen Phoenix da suka dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa takardar tabbacin ruwa ba, domin ƙiyasi ya nuna ba zai isa ba nan da shekara ɗari. A Florida guguwar Ian ta daki Fort Myers da Cape Coral a Satumban 2022, garuruwan da suka yi ƙaurin suna wajen ƙwace gidaje a 2008, kuɗin inshorar gida a jihar kuma ya shiga sahun mafi tsada a Amurka, wasu kamfanonin inshorar sun karye, wasu sun tattara sun bar jihar. Banki ba ya ba da bashin gida sai da inshora. Mai sayen gida a Cape Coral yau, in ya biya banki, sai ya biya kamfanin inshora abin da ya ga dama ya yanka masa a shekara mai zuwa, kuma wanda zai saya daga hannunsa gobe shi ma da wannan zai yi lissafi kafin ya taya.